Filin Lafiyar Iyali: Shisha, Sigari da Ɗan da Ke Ciki

Wasiƙu huɗu daga cikin waɗanda suka iso wannan fili a watan nan sun haɗu a kan magana ɗaya, wato taba da mai juna biyu, shi ya sa na ga ya dace in ware musu shafin baki ɗaya. Kamar yadda muka saba, an sakaya sunayen masu tambaya, an kuma taƙaita wasiƙun ba tare da an taɓa ma'anarsu ba.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Likita. Ni ɗaliba ce, shekarata 24, kuma bana aka yi aurena. Na koyi shan shisha a wajen ƙawaye tun kafin aure, yawanci a gidajen biki, har ta kai ina sha kusan kullum. Da gwaji ya nuna ina da ciki sai na ajiye tukunyar, amma na kasa samun sukuni. Wata ƙawata ta kawo mini sigarin lantarki, irin wanda muke kira shishar aljihu, ta ce tururin ruwa ne kawai da ƙamshin 'ya'yan itace, babu taba a ciki. Yanzu cikina ya kai mako 10. Da na je awo malamar asibiti ta tambaye ni ko ina shan wani abu, na ce a'a, domin maigidana ma bai sani ba. Shin wannan abin yana cutar da ɗan da ke cikina? Kuma na riga na yi masa illar da ba ta gyaruwa? Daga wata 'yar uwa, Anguwan Rogo, Jos.

AMSA: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Ajiye tukunyar shisha ranar da kika ga sakamakon gwaji shaida ce cewa ɗan nan yana ranki, kuma a kan wannan zan ɗora maganata. Amsar tambayarki ta farko ita ce e, yana cutar da shi, kuma zan bi miki dalilin daki-daki, domin na lura mace ta fi riƙe abin da ta fahimta a kan abin da aka tsorata ta da shi.

Ɗan tayi ba ya numfashi da huhunsa. Duk iskar da yake rayuwa da ita da duk abincin da yake girma da shi suna zuwa ne daga jininki, su ratsa mabiyiya, su bi igiyar cibiya su isa gare shi. Ba shi da wata ƙofa ban da wannan, kuma mabiyiya ba ta iya tare nikotin, wato sinadarin da ke sa mutum ya kamu da taba. Idan nikotin ya shiga jini yana matse jijiyoyi, har da waɗanda ke ciyar da mahaifa, sai jinin da ke isa ga yaron ya ragu, bugun zuciyarsa ya ƙaru. Bayan haka yana shiga cikin ginin ƙwaƙwalwa da huhu a daidai watannin da ake tsara su, kuma abin da aka gina a karkace a wannan lokaci yakan bi yaro har girmansa.

Shisha tana ƙara wata guba a kan wannan. Gawayin da ake ɗorawa a saman tukunya yana fitar da iskar kabon monoksayid, wadda ba ta da launi ba ta da wari, wadda kuma take kama jan jini da ƙarfin da ya ninka na iskar oksijin fiye da sau 200. Ma'ana, tana hawa mazaunin da aka tanadar wa iskar rayuwa ta ƙi sauka, kuma ta fi daɗewa a jinin ɗan tayi fiye da a jinin uwarsa. Ruwan da ke ƙasan tukunya yana sanyaya hayaƙin ne kawai har ya yi daɗin zuƙa, ba ya wanke shi. Tun a 2005 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin cewa a zama ɗaya na kimanin awa guda, mai shan shisha zai iya zuƙar hayaƙin da ya kai na karan sigari 100 ko fiye. Na faɗi wannan ne saboda sauran 'yan mata da za su karanta, waɗanda suke ƙyamar sigari amma suke ganin shisha kwalliya ce ta zaman hira.

Sai mu dawo kan abin da ke hannunki yanzu. Sigarin lantarki, wanda wani mai harhaɗa magunguna ɗan ƙasar Sin mai suna Hon Lik ya ƙirƙiro irinsa na zamani a 2003, ba ya ƙona ganye, batir ne ke dafa wani ruwa har ya zama hazo. Gaskiya ne ba ya fitar da kwalta da kabon monoksayid irin na sigari da shisha, kuma ba zan ɓoye miki wannan ba. Amma abin da ƙawarki ta kira tururin ruwa haɗi ne na gilisarin da wani sinadari mai kama da shi, da kayan ƙamshi, da nikotin a mafi yawan lokuta, wani lokaci mai yawan gaske. An kuma samu burbushin ƙarafa irin su nikel da darma a cikin hazon, waɗanda ke fitowa daga wayar da ke yin zafi. Kayan ƙamshin nan an yarda a ci su a alewa da lemo, amma ciki daban huhu daban, kuma ba a yi su domin a dafa a zuƙa ba. An sha gwada kwalaben da aka rubuta babu nikotin a jikinsu aka tarar da shi a ciki. Ke ma jikinki ya ba ki shaida: da ruwa ne da ƙamshi kawai, da bai kwantar miki da ƙaiƙayin shisha ba. An ƙi cin biri ne an ci dila.

Wataƙila za ki ci karo da bayani a intanet cewa hukumomin lafiya na Ingila suna sassautawa a kan sigarin lantarki ga masu ciki. Abin da suke cewa shi ne, macen da ta kasa barin sigari ta kowace hanya, wannan ya fi mata sauƙin illa a kan ta koma wa sigarin. Suna kwatanta shi ne da abin da ya fi shi muni, kuma suna magana ne a kan kayan da dokarsu ta ƙayyade wa nikotin, kada ya wuce miligiram 20 a kowane mililita. Wanda ake tallatawa a Instagram a kawo miki har ƙofar gida, babu wanda ya auna miki abin da ke cikinsa. Ƙungiyar likitocin mata da haihuwa ta Amurka kuwa cewa ta yi mai ciki ta nisanci taba kowace iri har da sigarin lantarki, kuma ni ma a nan na tsaya.

Tambayarki ta biyu ita ce ta fi taɓa ni, kuma a nan ina da albishir. Wani bincike da aka yi a kan masu cikin fari a Niyu Zilan da Ostireliya, wanda aka wallafa a 2009, ya nuna cewa matan da suka bar sigari kafin ciki ya kai mako 15 ba su fi waɗanda ba su taɓa sha ba yawan haihuwar bakwaini ko ƙaramin jariri. Ke kina mako na 10. Babu likitan da zai ɗaukar miki alkawari a kan abin da ke hannun Allah, amma ƙofa a buɗe take, kuma kowace rana da kika yi ba tare da zuƙa ba riba ce ga yaron.

Ki fitar da abin daga jakarki yau ki rabu da shi, kada ki ajiye shi a aljihun durowa da sunan ko da an matsu. Kwana uku na farko su ne masu wuya: ciwon kai, saurin fushi, rashin barci, da jin kamar an ɗauke miki wani abu. Bayan mako biyu zuwa huɗu yawanci abin yakan lafa. Sha'awar takan zo ne kamar guguwa, ta yi minti kaɗan ta wuce, saboda haka idan ta taso ki tashi daga inda kike, ki sha ruwa a hankali, ki yi asuwaki, ki ci karas ko kokwamba, waɗanda Jos ba ta rasa su, ko ki yi alwala ki fita tsakar gida. Zaman da ake fito da tukunya kuwa ki ɗaga masa ƙafa har ki haihu, domin hayaƙin da ke ɗakin ma naki ne ko ba ki taɓa bututu ba.

Abu na ƙarshe shi ne ki koma wajen malamar awo ki gyara amsarki. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Abin da kika faɗa wa ma'aikacin lafiya amana ce da aikinsa ya hana shi kai wa miji ko suruka, kuma sanin gaskiya ne zai sa a riƙa bibiyar girman yaron da hoton ciki yadda ya kamata. Na san akwai ma'aikatan da kan ɗaure fuska ko su yi gori idan mace ta faɗi irin wannan, kuma ina kira ga abokan aikina da su daina, domin macen da aka kunyata sau ɗaya ba ta ƙara faɗin gaskiya. Idan kin ga ba za ki iya a cikin layin awo ba, ki nemi ganin likita ke kaɗai. Shi ne kuma zai duba ko kina buƙatar filastar nikotin da ake mannawa a fata ko cingam na nikotin, waɗanda ke rage sha'awar taba, na ɗan lokaci. Kada ki sayi wani maganin barin taba a kemis da kanki, domin ƙwayoyin da ake ba sauran mutane ba a saba ba mai ciki su ba.

TAMBAYA: Likita, ina da cikin wata bakwai, kuma na shekara tara ina shan sigari. Na rage daga kara takwas zuwa biyu a rana. An ce mini idan na yanke gaba ɗaya yaron zai firgita tunda ya saba, kuma wai ƙaramin jariri ya fi sauƙin haihuwa. Mene ne gaskiyar wannan? Daga wata uwa, Tudun Wada, Jos.

AMSA: 'Yar uwa, saukowa daga takwas zuwa biyu ƙoƙari ne da ba zan raina ba, amma duka maganganun biyu da aka faɗa miki ba su da tushe. Yaro ba ya firgita don an daina kai masa guba. Cikin kwana ɗaya da zuƙar ƙarshe kabon monoksayid yake raguwa sosai a jininki, iska ta fara isar masa yadda ya kamata, kuma watannin nan na ƙarshe su ne lokacin da jariri ke tara mafi yawan nauyinsa.

Batun ƙaramin jariri kuwa yana sosa mini rai, domin na ga inda yake kaiwa. Jariran mata masu shan sigari sukan gaza na sauran da kimanin giram 200 a matsakaici, kuma wannan ragi ba na kitse kaɗai ba ne, ragi ne na yaron da aka tauye wa abinci da iska wata da watanni. Jaririn da bai kai kilo 2.5 ba ya fi wahalar riƙe ɗumin jiki, ya fi saurin kamuwa da cuta, ya fi yiwuwar a kwantar da shi a kwalba, kuma ya fi galabaita a lokacin naƙuda. Hayaƙin sigari, mai ɗauke da sinadarai sama da 7,000, yana kuma ƙara haɗarin fashewar faya kafin lokaci, da zaman mabiyiya a bakin mahaifa, da rabuwarta daga jikin mahaifa tun yaro bai fito ba, wanda kan zo da zubar jinin da ke iya cin ran uwa da ɗa. A farkon ciki kuma yana ƙara haɗarin ɓari, da zaman ciki a wajen mahaifa, da tsagewar leɓe ko ganɗa.

Kara biyun ma ba tudun tsira ba ne. Mai ragewa yakan zuƙi karan da ya rage da ƙarfi har gindinsa ba tare da ya sani ba. Wani babban nazari a Amurka da aka wallafa a 2019, wanda ya duba haihuwa sama da miliyan 20, ya gano cewa ko kara ɗaya a rana lokacin ciki yana ninka haɗarin mutuwar fuju'a ta jarirai, wato a kwantar da jariri lafiya a tarar ya cika a cikin barci. Ki yanke sauran biyun, ki sanar da masu awo. Idan kuma kika ga jini, ko ruwa na zuba, ko ciki ya ƙulle da ciwo mai tsanani, ko motsin yaro ya ragu, kada ki jira ranar awo, ki tafi asibiti a lokacin ko da tsakar dare ne.

TAMBAYA: Likita, 'yata ce ke da ciki, laulayi ya sa ta yawan tara yawu ga ciwon haƙori. Maƙwabciyarmu ta ce a sa mata garin taba da kanwa a gefen haƙorin. Mu a zamaninmu mun ci fure da goro ba abin da ya same mu. Tunda ba hayaƙi, da matsala? Daga wata kaka, Bukuru.

AMSA: Hajiya, Allah ya saka da alheri da kika tambaya kafin a sa. Da matsala. Nikotin yana ratsa fatar baki ya shiga jini kai tsaye, kanwar kuwa ƙara masa saurin shiga take yi. Binciken da aka yi a Indiya da Suwidin, inda mata ke amfani da tabar baki, ya danganta ta da haihuwar bakwaini da mutuwar ɗa a ciki. Furen ma daga jikin tabar yake, a bar shi har gaba. Taba ba ta warkar da haƙori, tana dakushe zafin ne ruɓar na ci gaba. A kai ta wajen likitan haƙori a faɗa masa tana da ciki, domin ana duba haƙori a kuma yi aikinsa lafiya lau ga mai juna biyu.

TAMBAYA: Ranki ya daɗe, ni direba ne, ina jigila tsakanin Jos da Abuja. Ina shan rabin kwali a rana, musamman idan na yi tafiyar dare. Iyalina ba ta sha, tana da cikin wata biyar. Ciki da falo muke zaune, kuma idan sanyi ya yi yawa nakan sha a falo in buɗe taga. Ɗanmu na fari an haife shi ƙarami ƙwarai har ya yi kwanaki a kwalba, yanzu kuma yana fama da asma. Ni ne sanadi? Na yi ƙoƙarin bari sau uku na kasa, an ce sabo turken wawa. Daga wani magidanci, Gangare, Jos.

AMSA: Malam, ka yi abin da maza da yawa ba sa yi, ka tambayi kanka kafin ka tambayi matarka. Ba zan ce maka kai ne sanadin ƙanƙantar ɗanka ba, domin zazzaɓin cizon sauro, da ƙarancin jini, da hawan jini lokacin ciki duk suna haifar da hakan, kuma a nan ƙasar suna da yawa. Abin da zan iya faɗa shi ne hayaƙinka yana cikin abubuwan da ke ƙara wannan haɗari, yana kuma tayar wa yaro asma, kuma shi ne wanda kawar da shi ke hannunka kai kaɗai. Masana a Jami'ar Nottingham ta Ingila sun tattara bincike da dama a 2011, suka gano cewa mace mai ciki da ba ta shan taba amma take shaƙar ta wani, haɗarin ta haifi ɗa ba rai yana ƙaruwa da kashi 23 cikin 100. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ƙiyasta cewa sama da mutum miliyan ɗaya ne ke mutuwa duk shekara saboda hayaƙin da ba su suka kunna ba.

Buɗe taga ba ya wadatarwa. Hayaƙin da ke tashi daga bakin kara ya fi wanda kake zuƙa ta auduga dafi, yana ratsa labule ya shiga uwar ɗaka, ya daɗe a iska awanni, sannan ya lafe a kujeru da katifa da rigar sanyinka. Na san sanyin Jos a watan Disamba da Janairu, lokacin da kowa ke toshe ƙofa da taga, wasu har su shigo da kaskon gawayi ɗaki. Wannan kaskon ma kabon monoksayid yake fitarwa, don haka kada mai ciki ta kwana da shi a rufaffen ɗaki. Daga yau ɗaki da falo da mota su zama wuraren da ba a kunna sigari, ko tana nan ko ba ta nan. Game da motar haya ma doka ce, domin Dokar Taƙaita Shan Taba ta Ƙasa ta 2015 ta hana shan taba a motocin haya, kuma a cikin fasinjojinka akwai matan wasu masu juna biyu. Kafin ka kai ga bari, idan ka sha a waje ka cire rigar sama, ka wanke hannu da baki sannan ka shiga wajen iyali.

Karin maganar da ka kawo ba ta dace da kai ba. Kamuwa da nikotin lalura ce da ke sauya yadda ƙwaƙwalwa ke aiki, kuma yawancin waɗanda suka bari sai da suka gwada sau da yawa, don haka gwajinka uku darasi ne a kan inda kake faɗuwa. Kai ka riga ka faɗi wurin, wato tafiyar dare. Sigari ba ya maganin barci, yana ɗaga ka na mintuna ne ya sake ka, kuma direban da barci ya kama a gangaren Hawan Kibo tsayawa ya kamata ya yi ya runtsa. Idan kana azumi, ka tuna kana wuni tun daga asuba har faɗuwar rana ba ka kunna ba, kwana 29 ko 30 a jere, wanda ke nuna jikinka ya san hanyar. Kai da ba ka da ciki, likita zai iya ba ka filasta ko cingam na nikotin ko ƙwayoyin da ke rage sha'awar, kuma haɗa magani da shawarar ma'aikacin lafiya ya fi ƙoƙarin mutum shi kaɗai nasara nesa ba kusa ba. Kada ka maye gurbin sigarin da na lantarki a cikin ɗaki, domin hazonsa ma yana ɗauke da nikotin.

Saura wata huɗu ta haihu, in Allah ya yarda. Bayan haihuwa jaririn zai kwana a wannan ɗakin, kuma jaririn da ke kwana gado ɗaya da mai shan taba ya fi shiga haɗarin mutuwar fuju'a, ga ciwon kunne da ciwon haƙarƙari da ke yawaita a gidan da ake hayaƙi. Ka zaɓi rana a cikin makonni biyu masu zuwa, wadda ba ka da tafiyar dare, ka sanar da iyalinka da yaron motarka da abokan tasha cewa daga ranar kada wanda ya miƙo maka kara. Ranar awo ta gaba ka raka ta, ko asibitin unguwa take zuwa ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo, ka shiga tare da ita ka faɗa wa likita adadin da kake sha da kuma labarin haihuwar farko. Ka tafi da katin asibitin babban yaron ma, a duba maganin asmarsa kafin hunturu ya shigo.